Darasi: Ɗumama Injin Babur da Safiyar Hunturu



Duk wanda ya taɓa kwana a Zoza cikin watan Janairu ya san ƙarar da ke ta da mutane da asuba. Sai ka ji wani saurayi ya buga kik, inji ya kama, nan take ya murɗa totur har ƙarshe, babur yana ihu kamar akuyar da za a kai kasuwa. Ya saki, ya sake murɗawa, sau biyar ko shida, sa'an nan ya haye da buhu biyu a baya ya fita a guje. In ka tambaye shi, sai ya ce ɗumama inji yake yi. A wani gida kuma wani dattijo ya ta da nasa, ya ja cok, ya jingine shi a bakin zaure, ya koma ciki shan koko. Babur yana nan yana ta ɓaɓatu shi kaɗai har minti 20. Shi ma in ka tambaye shi, ɗumama inji yake yi.

Su biyun nan niyyarsu mai kyau ce, amma kowannensu yana cin ran injinsa. Wannan magana kuwa ta shafe mu ƙwarai, domin ƙungiyoyinmu da yawa da karo-karo suka sayi babur. Shi ke ɗauko taki, shi ke kai kwandon tumatir Rogo ko Karaye, shi ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. In injinsa ya buga ana tsakiyar aikin rani, kuɗin gyara daga asusun ƙungiya zai fito, tumatir kuwa ba ya jiran bakanike.

Abin da darasin nan ke koyarwa gajere ne. Inji yana bukatar minti 1 ko 2 yana tsaye yana silo, ba a murɗa masa totur, sa'an nan a tafi da shi a hankali cikin kilomitocin farko. Amma na lura mutum ba ya riƙe doka sai ya san dalilinta, saboda haka bari mu leƙa cikin injin.

Abin da sanyi ke yi wa inji

Ku tuna da kwalbar manja a lokacin hunturu. Da rana in an karkata ta sai ya zubo, da asuba kuwa sai uwargida ta ajiye ta kusa da murhu kafin ya yarda ya fito. Baƙin mai na inji bai kai manja daskarewa ba, amma halinsu ɗaya ne, sanyi yana sa shi kauri. A ƙasar Kano, cikin Disamba da Janairu, ma'aunin zafi yakan sauka wajen digiri 13 da asuba, wata rana ma ya kusa 10, alhali da tsakar rana yakan kai wajen 30. Waɗanda ke zaune kusa da fadama ko bakin ruwa, kamar mutanen kewayen madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Karaye, sun fi kowa jin sa, domin iska mai sanyi tana da nauyi, takan gangara ta kwanta a kwari da dare.

Sa'ad da ka kashe babur da yamma, man da ke saman inji yakan tsiyaye ya koma ƙasa ya taru. Abin da ya rage a jikin ƙarafa ɗan shafe ne kawai. Da safe in ka ta da shi, akwai wani ɗan famfo a ciki wanda zai tsotsi man nan mai kauri, ya tura shi ta waɗansu ƙananan hanyoyi masu ƙunci, har ya kai shi can sama wurin bawul da ƙarafan da ke buɗe su. Wannan tafiya tana cin lokaci kaɗan, kuma gwargwadon kaurin mai gwargwadon jinkirinsa. Kafin ya iso, ƙarfe yana guga a kan ƙarfe da ɗan shafen jiya. Inji in yana silo yana juyawa wajen sau 1,400 a minti ɗaya, wannan ɗan shafe zai iya jurewa. In aka murɗa totur har ƙarshe kuwa, juyawar takan wuce sau 7,000 a minti ɗaya. Mai injin niƙa ba ya yarda ya matse faranti ya ba inji wuta alhali babu hatsi a ciki, ya san farantin zai cinye kansa. To, abin da saurayin nan yake yi ke nan kowace safiya.

Abu na biyu shi ne kumburin ƙarfe. Kowane ƙarfe yakan buɗe kaɗan in ya ji zafi, shi ya sa murfin kwalba da ya ƙi buɗewa yakan saki in an zuba masa ruwan zafi. Fistin na babur da alminiyam aka yi shi, irin ƙarfen tukwanen da ake zubawa a maƙera. Cikin silinda kuwa, inda fistin ke kai da kawowa, baƙin ƙarfe ne. Alminiyam yana kumbura kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Ga shi kuma fistin shi ne ke ƙarƙashin wuta, shi ke fara yin zafi, ita silinda kuwa iskar hunturu tana busa ta daga waje. In aka bi a hankali, su biyun sukan yi zafi tare, kowa ya sami wurinsa. In aka ba inji wuta mai yawa tun yana sanyi, fistin yakan riga silinda kumbura, ya goge ta, ya bar zane a jikinta, wani lokaci ya cije gaba ɗaya. Baburan da ke ƙona baƙin mai tare da fetur, masu hayaƙi, irin tsofaffin Suzuki da Yamaha na iyayenmu da Jincheng AX100, sun fi saurin yin haka.

Ni kaina na biya kuɗin wannan karatu. Shekarar da na fara aikin gona da ƙungiyoyi aka ba ni babur, na kuwa riƙa yi masa yadda na ga samari suna yi, ina jin daɗin ƙarar. Kafin damina ta biyu ya fara shan mai yana fitar da shuɗin hayaƙi. Da bakanike ya kwance shi ya miƙo mini fistin, sai na ga gefensa kamar kyanwa ta yakushe shi. Bai ce mini kome ba sai, "Malam, da safe kana jira kuwa?" Daga albashina aka sayi fistin da ringi.

Abu na uku shi ne fetur. Ruwan fetur ba ya kamawa cikin inji sai ya zama tururi ya gauraya da iska. Aikin kafireto ke nan, yana haɗa iska wajen kashi 15 da fetur kashi 1 bisa ga nauyi. Da sanyin safiya fetur ba ya son tashi, yakan manne a jikin ƙarfe mai sanyi kamar raɓa a kan ganye, abin da ke isa wurin fulogi ba ya isa ya kama wuta. Domin wannan aka yi cok. In ka ja shi, yana rage iska ko ya ƙara fetur, har abin da ya isa wurin fulogi ya ishe shi.

Laifin dattijo mai shan koko

Cok magani ne na ɗan lokaci, in ya daɗe sai ya zama cuta. Da zarar inji ya ɗan yi ɗumi ba ya bukatar wannan fetur mai yawa, ba ya kuwa iya ƙone shi duka. Kun ga yadda bakanike ke wanke baƙin mai daga hannunsa da fetur? Haka ragowar fetur ke wanke mai daga jikin silinda, ya bar ringi yana guga a busasshen wuri. Wani kuma yakan zurara ta gefen ringi ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi. In ka zaro gejin mai ka ji yana warin fetur, ka san inda aka haihu. Sauran kuma ya zama kunkunniya ya rufe bakin fulogi, gobe da safe babur ya ƙi tashi, mai shi ya ce sanyi ne ya yi yawa, ya ƙara jan cok.

Ko da an mai da cok, dogon silo ba shi da amfani. Baburanmu ba su da tankin ruwa irin na mota, iska ce ke sanyaya su, sai suna tafiya take ratsa haƙarƙarin silinda. Babur da aka bari tsaye yana aiki, kansa yakan yi zafi fiye da kima, alhali man da ke ƙasa bai gama ɗumi ba, domin inji mai silo ba ya aiki mai nauyi. Tafiya a hankali ta fi saurin ɗumama dukan inji daidai wa daida.

Ga kuma maganar kuɗi. Kafin a janye tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, lita ɗaya a farashin hukuma ba ta kai naira 200 ba. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, a ƙarshen 2024 kuwa ta wuce 1,000 a wurare da yawa. Minti 20 kowace safiya, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ya kai awa 40 inji yana cin mai bai kai kowa ko'ina ba. Ma'ajin ƙungiya ya yi wannan lissafi da kansa.

Wani zai ce ya ji mutanen Turai suna daɗewa suna ɗumama inji. Can ruwa yana zama ƙanƙara a waje, namu sanyin bai kai nan ba. Ko a can ma, sababbin baburan da ba su da kafireto, waɗanda na'ura ke auna musu fetur, ba a daɗewa da su a tsaye. Irin waɗannan ba su da cok da za ka ja. In ƙungiyarku ta sami irinsu, a ta da shi, a ba shi kamar rabin minti ko minti 1, a tafi a hankali. Amma yawancin abin da muke hawa a ƙauyukanmu, Bajaj Boxer da roba-roba da baburan Sin, masu kafireto ne.

Yadda za a yi

Aikin yana farawa tun daren jiya. In ka ajiye babur, ka rufe makullin mai da ke ƙarƙashin tanki, domin kada fetur ya yi ta tsiyaya cikin kafireto har gari ya waye. In a waje zai kwana, ka jira ya huce ka rufe shi da tsohon buhu ko tabarma.

Da safe ka turo shi waje tukuna. Zan faɗi dalili a gaba, dalilin kuwa ya fi duk sauran nauyi. Ka tsai da shi a miƙe a wuri mai daidai, ka duba gejin mai. Babur ƙarami duk man da ke cikinsa wajen lita 1 ne, in ya ragu da kofi ɗaya ya ragu da yawa. In akwai kaya, ka ɗaura su yanzu kafin ka ta da inji, kada ka bar shi yana aiki kana neman igiya.

Ka buɗe makullin mai, ka tabbata giya tana firi, ka ja cok. Kafin ka kunna makulli, ka taka kik a hankali sau biyu ko uku, wannan yana motsa mai, yana kuma jawo fetur. Sa'an nan ka kunna, ka buga kik da ƙarfi har ƙasa, hannunka kuwa kada ya murɗa totur. Mutane da yawa suna murɗawa suna bugawa, sai iska ta yi yawa ta ɓata aikin cok. In da sitata kake tayarwa, kada ka danne ta fiye da daƙiƙa 5. In bai kama ba ka huta daƙiƙa 10 ka sake, domin batir ma yana rage ƙarfi da sanyi. Wanda batirinsa ya tsufa, gara ya fara da kik.

In ya kama, ka ƙyale shi. Bayan kamar rabin minti za ka ji muryarsa ta canja, ko ta ɗaga ko ta fara yin nauyi. Sai ka mai da cok rabi, in ya riƙe ka mai da shi duka. In ya nemi mutuwa ka ɗan tallafe shi da totur kaɗan, kamar yadda ake riƙe hannun yaro mai koyon tafiya. Minti 1 zuwa 2 ya isa, ranar da sanyi ya yi tsanani a kai 3. Ba sai da agogo ba, lokacin da za ka ɗauka ka sa rigar sanyi, ka naɗe wuya, ka ɗaura hular kwano, ka matsa tayoyi ka ji iskarsu, ka gwada birki da fitila, shi ke nan lokaci ya yi. Ga gwajin da ba ya ƙarya: bayan ka mai da cok, ka murɗa totur kaɗan. In inji ya amsa nan da nan ba tari ba shaƙewa, ya shirya.

Kafin ka sa giya ka matse kuloci ka saki sau uku ko huɗu. Farantan kuloci cikin baƙin mai suke kwana, sanyi yakan sa su manne da juna, shi ya sa babur kan yi tsalle ya mutu in an sa giya ta ɗaya da safe.

Yanzu sai tafiya, a nan ne kuwa mafi yawa ke ɓata abin da suka gyara. Kilomita 3 zuwa 5 na farko har yanzu ɗumama inji kake yi. Kada totur ya wuce rabi. Kada kuma ka yi saurin hawa babbar giya da kaya masu nauyi har inji ya riƙa ƙwanƙwasa yana nishi, wannan ma wahala ce gare shi kamar ihun. Ka canja giya a kan kari, ka bar shi ya tafi sakayau. Baƙin mai ba ya kai zafinsa na aiki sai an yi minti 10 ko 15 ana tafiya. Mai shanun huɗa ya san wannan, ba ya sa musu bulala a kunyar farko. In hanyarka tana farawa da hawan tudu ko yashi mai zurfi, ga kuma buhunan masara, ka ƙara minti 1 a tsaye kafin ka tashi.

Babur sabo, ko wanda aka sake wa fistin da ringi, shi ya fi kowanne bukatar wannan haƙuri, har ya cika kilomita 500 zuwa 1,000 na farko.

Hayaƙin da ke kashe mutum

Saboda ɓarayi, yawancinmu a ɗaki ko a zaure muke kwana da babur. Wannan ba laifi. Laifin shi ne ta da shi a ciki. Sanyi yana sa mutum ƙyuyar fita, sai ya ce bari ya ɗumama shi a nan, ƙofa a rufe, taga an toshe da tsumma, yara suna barci a gefe.

Cikin hayaƙin salansa akwai wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. In ta shiga huhu, jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau 200 da ɗoriya, sai jiki ya rasa abin da yake rayuwa da shi. Inji mai sanyi wanda aka ja wa cok shi ya fi fitar da ita. Ita ce dai ke kashe mutanen da ke kwana da kaskon gawayi ko janareta a rufaffen ɗaki. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da jin barci, mutum yakan zaci sanyi ne ko zazzaɓi, ya koma ya kwanta. Yara da mata masu ciki su ne ta fi yi wa lahani. In kun sami wani a wannan hali, ku kashe inji, ku buɗe ƙofa, ku fito da shi fili, ku kai shi asibiti ko da ya ce ya warware. Buɗe ƙofa rabi ba ya isa a ta da babur a ɗaki. A tura shi waje, a juya salansa ta ba ƙofa baya.

Haka nan wuta. Waɗansu sun ga direbobin manyan motoci suna hura wuta a ƙarƙashin mota da sanyi, sai su kawo garwashi kusa da injin babur. Waɗancan motoci man gas suke sha, ko su ma kasada suke yi. Fetur kuwa tururinsa yana bin ƙasa ya je ya tarar da wuta inda take. A lokacin da kara da ciyawa da jinka suka bushe ƙayau, ga iska, babur ɗaya ya isa ya cinye rumbunan gida duka. In kana so ka taimaki inji, ka tura shi inda hantsi ke bugawa.

Karanta hayaƙi

Da sanyin safiya za ka ga farin tururi yana fita daga salansa, har da ɗigon ruwa. Kada ka tsorata. Lita ɗaya ta fetur in ta ƙone takan ba da ruwa kusan lita ɗaya, da zafi ba a ganinsa, da sanyi kuwa yana bayyana kamar numfashin bakinka. In inji ya yi zafi zai ɓace. Amma babur da kullum daga gida zuwa bakin kasuwa kawai yake zuwa, ba ya yin zafi sosai, ruwan nan yakan zauna cikin salansa ya sa ta tsatsa, ya kuma shiga baƙin mai. Irin wannan yana son a yi doguwar tafiya da shi ko sau ɗaya a mako.

Baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa, ka duba ko ka manta da cok, ko abin tace iska ya toshe. Shuɗin hayaƙi a babur da ba a haɗa masa mai da fetur, baƙin mai ne yake ƙonewa, ringi ko bawul sun fara gajiya. A kai shi wurin bakanike tun abin bai girma ba.

Mai da ƙura

Ɗumamawa ba za ta ceci injin da ke ɗauke da mugun mai ba. A jikin galan za ka ga an rubuta lamba kamar 20W-50. Lambar farko mai W tana nuna yadda man ke gudu da sanyi, in ta yi ƙasa man ya fi saurin gudu da asuba. Ta biyun tana nuna kaurinsa in inji ya yi zafi. Man da aka rubuta masa lamba ɗaya tak, kamar SAE 40, ya fi yin kauri da sanyi, ya fi jinkirin hawa sama. Ku duba littafin da aka ba ku tare da babur ku bi lambar da ya ce. Man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya, wanda ba a san asalinsa ba, arharsa tana ƙarewa a wurin bakanike. Ni shawarata, a yi juye a farkon hunturu ko da lokacinsa bai gama cika ba.

Wannan hali namu na barin mai har ya zama kwalta ba mu kaɗai ke da shi ba. A 1974 injiniyoyin kamfanin Honda na Japan sun zaga waɗansu ƙasashen Asiya su ga yadda talakawa ke amfani da baburansu. Suka tarar ana ɗora wa babur mutum uku ko huɗu, ba a canja mai, abin tace iska ya toshe da ƙura, ba a zuwa wurin gyara sai ya tsaya. Sai suka koma suka ƙera CG125, wanda ya fito a 1975, da inji mai jure wulakanci da soson tace iska wanda ake wankewa a mayar. Baburan Sin da yawa da ke ƙasarmu tsarin injinsa suka bi. Watau an yi su ne domin irinmu, amma juriya tana da iyaka.

Soson nan kuwa, a hunturu ya kamata a duba shi kowane mako ko biyu, musamman ga mai bin hanyar burji a bayan motoci. A wanke shi da kananzir, a matse ba a murɗe ba, a bar shi ya bushe, a ɗiga masa baƙin mai kaɗan a mayar. In na takarda ne ba a wanke shi, sai a kakkaɓe ko a sake. Kada a cire shi a yar domin wai babur ya fi gudu. Ƙurar hunturu in ta haɗu da mai cikin silinda tana ci kamar dutsen wasa wuƙa.

In ka ga babur yana neman cok da tsakar rana, ko ba ya riƙe silo bayan minti 5, ba sanyi ba ne, ciwo ne. Ko ƙaramar hanyar fetur ta cikin kafireto ta toshe, ko bawul ya matse, ko fulogi ya mutu, ko akwai ruwa cikin man da aka saya a galan. Abin da mutane ke yi shi ne su ƙara silo ya yi sama domin kada ya mutu da safe. Sai in ya yi zafi ya riƙa gudu shi kaɗai a tsaye, yana shan mai, giya tana shiga da ƙara. A gyara ciwon, a mai da silo wurinsa.

Masu noman rani, injin ban-ruwa ɗan'uwan injin babur ne, cok ɗinsa da mansa duk ɗaya, shi ma yana son minti 1 ko 2 a ƙaramar wuta kafin a ɗaga shi. Sai dai shi akwai ƙari: a cika famfon da ruwa kafin a ta da shi. In aka ɗumama shi a bushe, abin da ke hana ruwa yoyo a cikin famfon yakan ƙone cikin ɗan lokaci.

Babur mai iyayengiji da yawa

Na ga baburan ƙungiya sun fi na mutum ɗaya saurin tsufa. Dalili kuwa kowa ya karɓa sauri yake yi, ya san kuma ba shi kaɗai zai biya gyara ba. Yau mai ihu ya hau, gobe mai koko. Ya kamata ƙungiya ta sa mutum ɗaya ya zama mai riƙon babur, a gidansa yake kwana, shi ke duba mai, shi ke ta da shi da safe ya miƙa wa mai tafiya. A ajiye ɗan littafi a rubuta ranar juye da lambar kilomita, da sunan wanda ya ɗauka kowace rana. Matasanmu kuma kada a tsaya ga yi musu faɗa, a nuna musu tsohon fistin da ya lalace, kowane bakanike yana da su a zube.

Akwai ranar da ba a jira, kamar in an taso ka da dare domin mara lafiya. Ko a ranar, lokacin da za a ɗauka a fito da shi a zaunar da shi a riƙe shi ya ishi inji. Ka ta da babur tun ana shiri, ka bar shi a silo a waje. Mai ɗauke da mara lafiya cikin hazo dama ba gudu ya kamace shi ba. Ka kunna fitila ko da gari ya waye, ka kuma sa safar hannu, domin yatsun da suka sandare ba sa kama birki da sauri.

Aiki domin taron ƙungiya

Shugaba ya sa a zuba baƙin mai cikin ƙananan kwalabe biyu daidai wa daida. Ɗaya ta kwana a waje, ɗaya a sa ta cikin ruwan zafi kafin taro. A yi taron da sassafe. A sami faranti ko guntun kwanon rufi a jingine, mutum biyu su zuba man a lokaci ɗaya, kowa ya ga wanda ya riga isa ƙasa. In akwai mai iri biyu, mai lamba ɗaya da mai W, a bar su duka su kwana a waje a gwada su haka nan.

Bayan wannan a fito da baburan da suka zo taro. Kowa ya zaro gejinsa ya shinshina, a kwance fulogi a duba bakinsa. Wanda ya yi launin ƙasa-ƙasa lafiya yake, wanda ya yi baƙi da kunkunniya mai shi ya faɗa wa jama'a yadda yake yi da cok. Sa'an nan a tambayi juna, gida nawa ne a cikinmu ake ta da babur ko janareta a cikin ɗaki, wa kuma zai je ya yi musu magana cikin makon nan. Magatakarda ya rubuta sunan wanda aka zaɓa ya riƙe babur, da ranar da za a yi juye na gaba, ya kawo mini in na zo zagaye.